Masu kamfanoni, ku ji ta bakin ma'aikaci kafin ku sallame shi

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili a jaridarku in yi magana da masu kamfanoni, musamman ƙanana, waɗanda ba sa tunawa da lauya sai sammaci ya iso.

Shari'ar ƙwadago ce sana'ata, kuma galibi masu ɗaukar aiki nake tsaya wa. Kwanakin baya wani ya shigo ofishina yana huci, ya dire mini sammaci a kan tebur. Ya kori mai kula da sitonsa saboda kaya na ɓacewa, ma'aikacin kuma ya maka shi a kotu. Na ce a kawo fayil ɗin ma'aikacin. Da na buɗe, hoton fasfo biyu na tarar, da takardar neman aiki, sai takardar kora mai layi uku. Babu takardar ɗaukar aiki, babu ta tuhuma, babu gargaɗi ko ɗaya. Na ce, "An kira shi an ji ta bakinsa?" Ya ce, "Haba Barista, ɓarawo kuma me za a ji a bakinsa?"

Mai yiwuwa ya yi satar, ni ma zuciyata can ta fi karkata. Amma alƙali ba da zuciyata zai yi hukunci ba. Yarjejeniya mai lamba 158 da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, ILO, ta zartar a 1982 ta ce ba a sallamar ma'aikaci sai da ingantaccen dalili. Sashe na 7 ya ƙara da cewa in laifi ake zarginsa da shi, ko gazawa a aiki, sai an ba shi damar kare kansa tukuna. Sashe na 5 kuma ya jero abubuwan da ba sa zama dalili: shiga ƙungiyar ƙwadago, kai ƙarar mai gidan aiki, juna biyu, addini, launin fata. Ba kowace ƙasa ce ta rattaba mata hannu ba, amma dokokin ƙasashe da dama wannan layin suke bi.

Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne da mai kamfanin ya matso, ya rage murya, wai mu rubuta takardar tuhuma yanzu mu sa mata kwanan watan baya. Na ce ba da ni ba. Ƙarya fure take ba ta 'ya'ya, kuma tambaya biyu lauyan ɗaya ɓangaren zai yi wa akawun kamfanin a akwatin shaida asiri ya tonu.

Ya kuma gwada cewa ai wanda ya kora ɗan kwangila ne, ba ma'aikaci ba. Mutumin da ka yanka wa lokacin zuwa da na tashi, kake ba shi umarni, kake biyansa duk ƙarshen wata? Shawarar ILO mai lamba 198 ta 2006 ta ce yadda ake aikin a zahiri za a duba, ba sunan da aka laƙaba masa ba.

Ƙarshenta sulhu muka yi a wajen kotu. Ya biya kuɗin notis, da na hutun da ma'aikacin bai ci ba, da ɗan ƙari a kai, ga kuɗin lauya. Kayan siton kuwa har yau babu wanda ya sake tada zancensu.

Naka,
Wani lauya mai bibiyar jaridarku