Rahoton Sakatare: Ayyukan Ƙungiya a Daminar 2025

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Iyayenmu dattawa, Shugaba, iyayenmu mata da sauran 'yan'uwa na rassan bakin kogin Rahad da waɗanda ke zaune a cikin garin Gadarif a gabashin Sudan, ga rahoton shekara. Na san ya makara da kusan wata guda. Ma'aji ya ƙi sa hannu a lissafi sai kuɗin wata sun shigo, ni kuma ban so in kawo muku rahoto ba tare da sa hannunsa ba. Har yau ba su gama shigowa ba, muka ga gara a fitar da shi haka nan.

An yi tarukan wata-wata in ban da na Agusta da hanya ta hana, an kuma je ta'aziyya da barka duk inda ya kamata.

Maganar kuɗin wata

Da ita zan fara, domin duk abin da bai yiwu ba a bana daga nan ya samo asali. Waɗanda suka biya kuɗinsu cif ba su kai rabin sunayen da ke littafi ba. Ba da 'yan'uwanmu da yaƙi ya koro daga Jazira da Sinnar nake ba. Tun da Madani, babban birnin Jazira, ta faɗi a Disambar 2023 ƙungiya ta yafe musu, kuma da yawansu sun koma gida bayan sojoji sun karɓe garin a Janairun 2025. Allah Ya mayar musu da alheri. Ina magana ne a kan mutumin da ya sayar da riɗinsa a kasuwar amfanin gona ta Gadarif, kowa ya ga buhunan sun hau mota, amma in na je ƙofar gidansa sai yaro ya fito ya ce ba ya nan. Akwai gidan da na taka sau 4. Ni ma ina da gona, ina da iyali, kuma ba a biyana ko jine ɗaya, wato fam ɗin Sudan, a kan wannan aiki.

A farkon shekara uzurin shi ne canjin kuɗi. Gaskiya ne, da aka canza takardun 500 da 1000 a Disambar 2024 tsabar kuɗi ta yi wuya ƙwarai. Shi ya sa muka amince a riƙa turowa ta Bankak, manhajar banki ta waya, wanda ba shi da asusu ya bai wa wakilin reshe ya tura masa, a aiko wa Ma'aji ish'ari, wato shaidar turawa. Hanya ta buɗe, amma waɗanda suka saba biya su ne dai suka biya.

Odar iri da ranar da lori ya iso

Wannan shi ne abin da ya faranta mana rai a bana, kuma ina so a rubuta shi yadda ya faru don na baya su gani.

Kun san halin ƙasarmu. Baƙar laka ce, da rani ta tsattsage har ƙafar jaki ta faɗa, ruwa biyu masu ƙarfi kuwa sun isa su mai da ita taɓon da lori ba ya ratsawa. Mai babban mashru'i, wato gonar tarakta ta faddan 1000 (faddan kusan eka ɗaya ne), ba ruwansa, yana da tarakta da tankin gazolin, wato man dizal, tun watan Mayu kayansa suna kambo, wato sansaninsa na gona. Mai bildat, wato ƙaramar gonar gargajiya irin tamu, mai mukhammas ɗaya ko biyu (mukhammas faddan 5 ne), shi ne kullum yake jira sai ruwa ya sauka kafin ya tashi neman iri, a lokacin hanya ta rufe, abin da ke shagon ƙauye shi zai saya a farashin da aka yanka masa. In babu kuɗi ya faɗa shel, ya ci bashi a kan amfanin da bai ko tsiro ba, ranar girbi ɗan kasuwa ya kwashe a rabin daraja. Bashin salam na Bankin Noma, wanda ake biya da amfanin gona, kuwa yana neman takardu da jingina, kuma yawancinmu ba mu da su. Dalilin kafa littafin oda ke nan: a haɗa buƙata wuri guda, a saya a sari, a kai ƙauye kafin sama ta buɗe.

Mun buɗe littafin bayan ƙaramar Sallah. Kowane reshe wakilinsa ya zagaya gida-gida ya rubuta suna, girman gona, irin da ake so, sannan ya karanto mini ta saƙon murya a WhatsApp in ya samu wurin da waya ke kamawa. Yawancin masu gonakin da ruwa ke ɗauke musu da wuri sun zaɓi irin dawa Arfa Gadamak saboda saurin nunarsa, waɗanda ke kudu inda ruwa ya fi yawa suka nemi Wad Ahmad. An kuma yi odar irin riɗi, da maganin ciyawa 2,4-D, da injin feshi na goyo. Kafin mu biya ko sisi sai da muka ɗebo ƙwaya 100 daga kowane samfuri, muka shimfiɗa a jiƙaƙƙen buhu a ɗakina, muna yayyafa ruwa safe da yamma muna ƙirga abin da ya tsiro. Na dawa ya fito tsaf.

Mako guda bayan babbar Sallah lori ya tashi daga Gadarif da asuba, ni da Ma'aji muna zaune a kan buhuna. Da muka bar kwalta hadari ya fara haɗowa, direba ya leƙo ya ce in aka yi ruwa a nan to a nan za mu kwana uku. Babu wanda ya ƙara magana a motar sai salati. Iska ta taso da ƙura, aka yi yayyafi kaɗan ya ɗauke, muka wuce. Da hantsi muka shiga reshen farko, yara suka biyo mu a guje, kafin a kwance tamfol filin masallaci ya cika da karo, wato amalanken jaki, da jakuna, har daga ƙauyukan da ba mu sanar ba.

An yi rabo da littafi a hannu, suna bayan suna, kowa ya sa hannu ko ya dangwala. Wata gyatuma daga cikin iyayenmu, wadda mijinta ya rasu bara, ita ke noma gonar marayu, da aka kira sunanta ta kwance bakin buhu ta ɗebo ƙwaya za ta kai baki ta gwada, yadda aka saba. Na riƙe hannunta na ce, "Inna, kar ki tauna, wannan jan da kike gani magani ne aka wanke shi da shi, guba ne." Ta dubi tafin hannunta da ya rine, ta ce tun da take noma ba a taɓa kawo mata iri har ƙofar gida ba, kuma tun ƙasa ba ta jiƙa ba. Daga nan muka tsai da rabo, Shugaba ya hau bayan lori ya yi wa jama'a bayani: kada a ci, kada a bai wa kaji ko awaki, a ɓoye wa yara, a wanke hannu bayan shuka.

Matan reshen sun tuƙa asida da miyar kuɓewa busasshiya, ɗan'uwanmu mai agashe ya gasa nama bai karɓi komai ba, aka zagaya da jabana, wato gahawa, Liman ya yi addu'a. Rassan da lori ba zai kai ba, samari suka ɗora wa karo suka bi da su kafin magariba. Kwana kaɗan bayan nan aka yi ruwan shuka, kuma a karon farko tun kafa ƙungiya mutanenmu suka fita da saluka, sandar shuka, a rana ɗaya da taraktocin manyan gonaki. Wanda ya bi ta gonakin nan a Oktoba ya ga bambanci da idonsa. Muna godiya ga samarin da suka yi dako kyauta, da direban da ya rage mana kuɗin mota.

Abin da bai yiwu ba

Taki. Na ji maganganu iri-iri, har an ce shugabanni sun karkatar da shi gonakinsu, don haka a saurara. Yuriya daga waje take shigowa ta tashar jiragen ruwa ta Bur Sudan, ta biyo titin Kasala zuwa Gadarif, farashinta yana bin dala da gazolin, jine kuwa kullum ƙasa yake yi. Dillali ya ba mu farashin buhu mai kilo 50 da sharaɗin a biya cikin mako. Waɗanda suka rubuta suna da yawa, waɗanda suka kawo kuɗi 'yan kaɗan. Da a ce kuɗin wata suna asusu da mun cike giɓin mu karɓa daga baya, to asusun babu komai. Kafin a tattaro, farashi ya tashi, ruwa ya sauka, hanya ta rufe. Duk wanda ya ba da kuɗin taki an mayar masa, shaidar tana wurin Ma'aji ga mai son gani. Abin da ya fi ci mini rai shi ne gonakin da buda ta cinye, ƙudujin nan da ke shanye dawa tun daga saiwa. A gajiyayyar ƙasa ta fi yin ƙarfi, kuma da an samu takin, da ya rage mata kaifi.

Irin riɗi ma an samu matsala. Samfurin da wani ɗan kasuwa ya ba mu ya tsiro da kyau, amma buhunan da ya aiko daga baya da muka sake gwadawa ba su yi ba. Mun mayar masa, ya biya wani kaso, saura yana ta yi mana gobe-jibi. Dattawa sun shiga maganar. Waɗanda abin ya shafa sun shuka nasu na gida, muna ba su haƙuri.

Ɗakin ajiya yana nan yadda kuka bar shi bara, bango ya kai taga, babu rufi. An ce me ya sa ba a rufa da kuɗin iri ba. Kuɗin iri amanar masu oda ce, ba za mu taɓa ba. Ranar aikin gayya da aka sa don buga bulo, mutanen da suka fito ba su cika tabarma biyu ba, alhali ranar da lori ya zo filin masallaci bai ɗauke mu ba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, 'yan'uwa. Muddin babu ɗakin nan, ba za mu iya sayen kaya da rani lokacin da suke da sauƙi mu ajiye ba, kuma falon Shugaba ba zai ci gaba da zama sito ba, ga maganin ciyawa ga jikoki suna wasa.

Rassa biyu har yanzu ba su naɗa wakili ba, shi ya sa odarsu ta zo a makare ta bakin mutane daban-daban, wani ya ce buhu wani ya ce rabi.

Shekara mai zuwa

Kwamiti ya yanke cewa za a buɗe littafin oda tun ana sussukar dawa, lokacin da kuɗi ke hannun mutane, a rufe shi ƙarshen Afrilu. Ba za a rubuta sunan kowa ba sai ya biya bashin kuɗin wata ya kuma ajiye rabin kuɗin kayansa. Marayu da zawarawa da waɗanda yaƙi ya koro ba su cikin wannan sharaɗi. Sunayen masu bashi suna hannun wakilan rassa, ba mu liƙa a masallaci ba saboda mutunci, amma in aka kai taron wata mai zuwa ba a biya ba za a karanta su a bainar jama'a.

Wa'adina na sakatare zai ƙare a taron nan. Ina roƙon a samu matashi mai waya mai kyau da ya iya rubutun boko da na Larabci ya zo mu zauna tun yanzu in nuna masa yadda littafin yake.

Wassalam.
Sakataren Ƙungiya