Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga kamfanin da ke shigo da kaske na wasan kwamfuta a Yamai

Zuwa ga Mai girma Darakta,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ranka ya daɗe, wannan takarda ta fito ne daga hannun wasu masu gidajen wasan kwamfuta da masu gyaran kayan sauti na nan Yamai. Ba mu ambaci sunan kamfaninku ba, don gyara muke nema, kuma kun san kanku. Ƙorafinmu a kan lasifikar kunne ne, wadda a nan aka fi sani da kaske, musamman samfuri biyu da kuka cika kasuwa da su daga Babbar Kasuwa har Wadata: mai igiya da fitilu na jika 12 (jika ɗaya sefa dubu ce), da marar igiya na jika 18. Mun buɗe wasiƙar ga kowa saboda yawancin masu sayen kayan nan ɗalibai ne da masu koyon sana'a, waɗanda ke tara kuɗin wata da watanni.

Mun san araha ba ta ado. Ba wanda ya sayi kaske na jika 12 yana jiran ingancin na jika 100. Abin da ya dame mu shi ne rubutun da ke jikin kwali ya saɓa da abin da ke ciki, kuma bayanin da mai saye ke buƙata ba ku rubuta shi ko'ina ba.

Mu fara da babban rubutun nan na "7.1", wato sauti mai hanya takwas da ke kewaye mai saurare. Idan aka cire matashin kunne aka kwance ƙusoshi huɗu da ke ƙarƙashinsa, ƙwayar lasifika ɗaya ce a kowane ɓangare, dama ɗaya, hagu ɗaya. An sa ruliya an auna faɗinta, milimita 40 ne, kwali kuwa ya ce 50. Tsinken sauti na milimita 3.5 hanyar sauti biyu kawai yake kaiwa kunne, don haka ba ta inda sauti mai hanya takwas zai bi ya iso kunne. Abin da ake kira 7.1 a irin wannan kaske dabara ce ta manhaja, wadda ke jinkirta sauti da canza kaifinsa tsakanin kunnuwa biyu har mutum ya ji kamar daga bayansa abu ke tahowa. Wannan dabarar kyauta ce. Windows 10 na ɗauke da ita tun 2017 da sunan Windows Sonic, kuma tana aiki da kowane kaske, har da na saurare a wayar salula. Wasanni irin su Counter-Strike 2 da Valorant ma suna da nasu tsarin a ciki, wanda in aka haɗa shi da na waje sai su dagula juna. To kuɗin me kuka ɗora a kai?

Akwai kuma igiyar USB da ke rataye kusa da tsinken. Mutane na sokawa suna zaton ita ce ke kawo 7.1 ɗin. Mun bi wayoyinta: biyu ne, ja da baƙa, wuta suke kai wa fitilu, shi ke nan. Ba komai na sauti a cikinta. Abin da take ƙarawa shi ne tsuwa, domin a kwamfutoci da dama da zarar an soka ta tare da tsinke sai wani siririn ƙara ya shiga mikro, yana hawa yana sauka duk lokacin da aka motsa linzamin kwamfuta. Abokan wasa ne ke shan wannan ƙarar, mai kaske ba ya ji. Maganinsa a zare USB ɗin a haƙura da fitilu, waɗanda dama wanda ya sa su a kai ba ya ganinsu.

Matsalar da ta fi kawo mutane wurin masu gyara ita ce ta tsinke, kuma a nan laifin ya fi nauyi a wuyanku, don kuɗin maganinta bai taka kara ya karya ba. Kaskenku tsinke ɗaya gare shi mai baƙin zobe uku, wato sashe huɗu: hagu, dama, ƙasa (hanyar da wutar sauti ke komawa) da mikro. Irin wannan ya dace da wayar salula, da yawancin kwamfutocin hannu na yanzu, da abin riƙon PlayStation 4. Amma babbar kwamfuta ta tebur, wadda ita ce a gidajen wasa, ramuka biyu gare ta: kore na sauti, ruwan hoda na mikro. In aka soka tsinke mai zobe uku a koren rami, mikro ba zai taɓa aiki ba. Ana buƙatar 'yar gajeriyar igiya mai rassa biyu da ke raba tsinken gida biyu. Kun zana hoton babbar kwamfuta a kwali, kun rubuta PC, ba ku sa wannan igiyar ba, ba ku ma faɗi cewa ana buƙatarta ba. Yaro ya koma butik ya ce mikro ya mutu, mai butik ya soka a wayarsa ya ji yana aiki, sai a ce yaron ne bai iya ba.

Abin bai tsaya nan ba. Tsinke mai zobe uku tsari biyu gare shi, CTIA da OMTP, kuma ido ba ya bambanta su. A CTIA, in ka ƙirga daga kan tsinke, na uku shi ne ƙasa, na huɗu mikro. A OMTP an juya waɗannan biyun. Kayan yau kusan duka CTIA ne, amma a cikin kwalayenku, masu lamba ɗaya da hoto ɗaya, ana samun duka biyun. Alamar wanda ya faɗa kan OMTP ita ce sauti ya zama fayau kamar daga cikin rijiya, muryoyi su ɓace, in ya danne maɓallin da ke jikin igiya sai sauti ya dawo daidai. Gwajin bai fi minti ɗaya ba ga mai na'urar awon lantarki: a sa ta a ma'aunin om (awon turjiyar wuta), a taɓa kan tsinke da sashe na uku. In ta nuna wajen om 32, CTIA ne. In sai an taɓa na huɗu ne take nuna hakan, OMTP ne. Da an yi wannan gwaji a ma'ajiyarku kafin rarraba kaya, da an hutar da jama'a.

Sai marar igiya na jika 18, wanda kuka rubuta wa "babu jinkiri". Bluetooth ne zalla, ba shi da ɗan makullin USB nasa, wato 'yar na'urar da ake sokawa a kwamfuta ta riƙa aika masa sauti. Bluetooth na yau da kullum yana jinkirta sauti da abin da ya kai milisakan 150 zuwa 250. A kallon bidiyo ba a lura, don manhaja na jinkirta hoton ya jira sautin. Wasa ba ya jira. A allon da ke nuna hoto 60 a daƙiƙa, jinkirin milisakan 200 hoto 12 ke nan, ko a ce kamar wanda ke jin harbi daga tazarar mita kusan 70 alhali a gabansa aka yi. Mai buga ƙwallo zai iya haƙuri. Mai wasan harbi kuwa an riga an kashe shi kafin ya ji takun wanda ya kashe shi. Na biyu, da zarar an kunna mikro don magana da abokai, Bluetooth yana sauka daga tsarin kiɗa ya koma tsarin kiran waya: sauti ya haɗe ya zama hanya ɗaya, dama da hagu su ɓace, kaifi ya dushe. Wannan ba lalacewa ba ce, haka fasahar take, kuma ba mai gyaran da zai iya canza ta. Marar igiya da ya dace da wasa shi ne mai nasa makullin na 2.4 GHz. Wanda kuɗinsa bai kai nan ba, mai igiya ya fi masa. Ya kamata masu sayar muku su faɗi haka.

Game da ƙarfin jiki, wanda ya zaɓi kayan nan bai zauna Yamai a watan Afrilu ba. Matashin kunnen fatar roba ce. Zafin da ya haura digiri 40 da gishirin zufa suna cin irin wannan fata, ta tsage, ta riƙa zuba baƙi-baƙi a kunne da wuyan riga. Matashin yadi ya fi jure wannan yanayi, kuma ana wanke shi. Naku an like shi da gam, ba ya cirowa sai an ɓamɓare shi, na canji kuma babu a kasuwa. Ɗan dabaran ƙara murya da ke tsakiyar igiya a buɗe yake, ƙurar hunturu na shiga ta kwanta a kan hanyarsa, sai ƙarce-ƙarce, sai kunne ɗaya ya fi ɗaya ƙara. Igiyar kuma daga gindin tsinke take tsinkewa, inda ya kamata a ce akwai roba mai lanƙwasa da ke ɗauke nauyin ja. Wayoyin ciki sirara ne kamar gashi, masu fenti, an murɗe su da zaren nailan, kuma dalma ba ta kama su sai an ƙone fentin. Ana gyarawa a Katako, amma sau biyu in aka yi, kuɗin ya kusa rabin na sabo.

Lambobin da ke bayan kwali ma ba sa taimakon kowa. "20 Hz zuwa 20,000 Hz" iyakar jin ɗan Adam ce, kowane kamfani na rubutawa, ba ta faɗin komai a kan yadda sautin yake. Kaskenku an cika masa gangar ƙasa, wato sauti mai kauri, don ya burge a minti ɗaya na gwaji cikin hayaniyar kasuwa. A cikin wasa wannan rugugin ne ke binne takun ƙafa da ƙarar canza harsashi. Sai mai wasa ya yi ta ƙara murya don ya ji su, nan kuma haɗari yake: ƙa'idar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2019 ta sa iyakar babba a desibel 80 (ma'aunin ƙarfin sauti) na awa 40 a mako, yaro kuma desibel 75. Ko layi ɗaya na gargaɗi babu a takardarku, wadda ma ba Faransanci a cikinta, balle Hausa ko Zabarmanci.

Ga masu karatu da ke shirin saye kafin kamfani ya gyara: a nan ji ya kori gani. Ku je da wayarku ɗauke da wasan da kuka saba, ku ƙirga zoben tsinke, ku ɗauki muryarku ku saurara, ku lanƙwasa igiya a gindin tsinke kuna sauraron ko sauti zai yanke. Ku bar kasken a kai minti goma, don wanda ke matse kai ba ya nuna halinsa a minti na farko. In na tebur ce kwamfutarku, kada ku bar butik ba tare da igiya mai rassa biyu ba, kuma ku soka a ramukan baya, sun fi na gaba tsabtar sauti. Sau da yawa kaske na kiɗa marar fitila mai om 32, haɗe da ɗan mikro na maƙalawa a riga, ya fi wanda aka rubuta wa sunan wasa a kuɗi ɗaya.

Ranka ya daɗe, ga abin da muke nema. A cire "7.1" da "babu jinkiri" daga kwalaye, ko a manna takarda a kansu. A sa igiya mai rassa biyu a kowane kwali, a ba waɗanda suka riga suka saya kyauta in sun nuna faktir. A tace kayan da ke ma'ajiya, a janye masu tsarin OMTP. A kawo matashin yadi da igiyar canji a sayar daban. Sannan garantin wata shida da ke rubuce a kwali, wanda masu butik ke cewa ya ƙare da zarar an yage leda, a bayyana a fili wa ke ɗaukar nauyinsa da inda za a kai kaya, tunda ba yadda za a gwada kaske yana cikin leda.

Kaskunan da aka buɗe, da tsinkayen da aka auna, suna nan ajiye da lambobin kwalayensu. In kun turo ma'aikacinku, za a maimaita awon a gabansa. Muna jiran amsarku a rubuce cikin kwana 30, kuma za mu buga ta a inda muka buga wannan.

Wassalam,
Wasu masu gidajen wasan kwamfuta da masu gyaran kayan sauti, Yamai