Buɗaɗɗiyar Wasiƙa: Amsar Tambayar Abin da Ya Haɗa Batir da Siminti a Mujalla Ɗaya

Assalamu alaikum, Malam.

Bayan gaisuwa irin wadda ta dace da shekarunka da matsayinka. A hirar da aka yi da kai a rediyo a nan Bauchi ka jefo mini tambaya a bainar jama'a, ka ce wace irin mujallar ilimi ce za ta buga binciken batir yau, gobe na siminti, jibi na tace ruwa, in ba irin waɗanda ake biya su buga ko mene ne ba. Ka kuma yi ƙorafin cewa da Turanci muke rubutu. Ka ƙara da cewa da irin waɗannan takardu muke neman ƙarin girma. Wannan ƙarin shi ya fi yi mini ciwo, domin zargi ne na cin amanar ilimi, kuma ɗalibaina sun ji shi da kunnensu.

Ranka ya daɗe, wannan haɗa abubuwa daban-daban da ka ɗauka aibi ne, haka fanninmu na kemistirin kayan ƙira da gini (materials chemistry) yake tun asalinsa. Ƙungiyar masana kemistiri ta Amurka ta fara buga mujallar Chemistry of Materials a 1989, takwararta ta Ingila kuma ta fito da Journal of Materials Chemistry a 1991. Da ayyuka suka yi wa mujallar ta Ingila yawa, sai aka raba ta gida uku daga 2013: ɗaya ta makamashi, ɗaya ta lafiya da magani, ɗaya ta na'urorin lantarki da haske. Babu mai hankalin da zai kira waɗannan ƙungiyoyi 'yan neman kuɗi, kuma takarda ba ta shiga mujallunsu sai masana sun tantance ta, sau da yawa su mayar wa mai ita ya sake gwaji ko su ƙi ta ɗungurungum.

Abin da ya tara ayyukan wuri ɗaya shi ne tambaya guda ce muke yi wa kowane abu: yaya ƙwayoyin zarra suka jeru a cikinsa, kuma me wannan jeri ya sa yake iya yi? Sinadarin litiyom da kobal da John Goodenough ya gano amfaninsa a Oxford a 1980, wanda ya buɗe hanyar batirin da Sony ya fara sayarwa a 1991, kuma ya kai shi ga kyautar Nobel ta 2019, hawa-hawa ƙwayoyinsa suke, litiyom yana shiga yana fita tsakaninsu. Farar ƙasar kawolin da ake haƙa a Alƙaleri ita ma hawa-hawa take, kuma da hasken eksire iri ɗaya ake leƙa cikin su biyun. Idan aka gasa kawolin a zafin da ya kai wajen digiri 750, wannan jeri ya rushe, sai ta zama gari mai iya maye wani kaso na siminti, alhali tukunyar masana'anta irin ta Ashaka sai ta kai kusan digiri 1450 kafin ta dafa dutsen siminti. Daga wannan ƙasa dai ake haɗa ziyolait, mai ƙananan ramuka, wanda ake tace ruwa da shi, matatun mai kuma suke fasa ɗanyen mai da shi. To, a wace mujalla kake so mai wannan aiki ya kai takardarsa, ta magina ko ta masu ruwa ko ta masu fetur? Dole ya kai ta inda masu karatu suka san harshen dukansu.

Batun cewa da Turanci muke rubutu, wannan ba laifin fannina ba ne shi kaɗai. Mujallun bogi kuwa akwai su, ni ma ina hana ɗalibaina kusantar su.

Sai dai zan faɗa maka gaskiya, Malam, ban gamsu cewa neman sani ne ya kawo tambayar ba. Ka san ofishina, ka san takarduna suna nan ga duk mai son karantawa, amma ka zaɓi rediyo, a daidai lokacin da ake duba takardun ƙarin girma. Da kishin ilimi ne, da ka tambayi dalilin da ya sa malami zai ɗebi ƙasa daga Alƙaleri, ya ɗaure ta a leda, ya aika wata jiha ko ƙasar waje da kuɗin aljihunsa don a duba masa ita, saboda na'urar da ke kusa ta lalace ko babu wutar da za ta riƙe ta. Da ka tambayi dalilin da ya sa ake lodin kawolin ɗanye a manyan motoci ana fita da shi, mu kuma muna sayen abin da aka sarrafa da shi da tsada. Da ka tambayi masu ƙirga takardun malamai ba tare da sun karanta ko ɗaya ba, domin su ne suka buɗe wa mujallun bogi kasuwa.

Ina roƙonka ka ambaci takarda ɗaya tawa da kake shakkar ta, da mujallar da ta buga ta, a gidan rediyon da ka yi maganar. Zan zo da rahotannin masu tantancewa da littafin gwajin, mu karanta su tare a gaban masu sauraro.

Wassalam,
Malamin kemistiri, Bauchi