Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga Hajiyar da ke bayan katanga

Ranki ya daɗe, Hajiya,

Gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya. A zaman sauraron jama'a da kwamitinmu na tsara gari ya yi kan filin da ke jikin katangar gidanki, kin miƙe kin jefo mini tambaya a gaban kowa. Kika ce: "Wurin nan ai dama na kasuwanci ne. In gidan abinci kawai mutumin zai ƙara a jikin gininsa, me ya kawo maganar sauya wa fili rukuni? Kuma in kun sauya, gobe ya sayar ya yi gaba, wa zai tsaya mini?" Lokaci ya ƙure a ranar, na ba ki guntuwar amsa wadda ni kaina ba ta gamsar da ni ba. Tunda a bainar jama'a kika yi tambayar, a nan ya kamata in amsa.

Rabin farko ya fi sauƙi. A bakinmu kasuwanci abu ɗaya ne, amma a kundin tsara gari gida ne mai ɗakuna da yawa. Filin nan yana rukunin ƙananan harkoki, wato shaguna da ofisoshi, waɗanda ba sa hura wuta, kuma da yamma ta yi sai su ja ƙofa. Gidan abinci kuwa a lokacin yake farkawa. Yana zuwa da murhu da tukunyar gas, da hayaƙi, da maiƙon da ke bin ruwan wanke-wanke, da shara mai saurin ruɓewa, da motocin kawo kaya tun asuba. Shi ya sa kundin bai sa shi a jerin abubuwan da aka halatta a wannan rukuni ba, shi ya sa kuma mai filin ya nemi a ɗaga shi zuwa rukuni na gaba.

Wannan rarrabewa tana da tarihi. Birnin New York ne ya fara yin cikakkiyar dokar raba filaye rukuni-rukuni a Amurka, a 1916. Bayan shekara goma, a 1926, wani kamfanin dillancin filaye mai suna Ambler, da ke da eka 68 a ƙauyen Euclid na jihar Ohio, ya ga ƙarar da ya shigar, yana cewa dokar ƙauyen ta karya darajar filinsa, ta kai har Kotun Ƙolin Amurka. Kotun ta goyi bayan ƙauyen da alƙalai 6 a kan 3. Mai shari'a George Sutherland, wanda ya rubuta hukuncin, ya ce wani lokaci abin da ke cutar da maƙwabta abu ne mai kyau da aka ajiye a inda bai dace ba. Ina yawan tuna wannan magana, domin babu wanda ya zo zaman nan ya ce gidan abinci mugun abu ne. Gardamar duk a kan inda za a ajiye shi ce, da yadda za a ajiye shi.

Rabi na biyu na tambayarki shi ne ya hana ni barci, kuma ina gaya miki kai tsaye: kina da gaskiya. Idan aka sauya wa fili rukuni, filin aka sauya wa. Izinin ba ya bin mai filin in ya tashi, yana nan kwance a ƙasa yana jiran duk wanda ya saya. Na koma gida na buɗe kundin na karanta jerin abubuwan da rukuni na gaba ya halatta. Gidan abinci layi ɗaya ne kawai a ciki. A ƙarƙashinsa akwai garejin gyaran mota, akwai wurin wankin mota, akwai wuraren da ke kai wa tsakar dare a buɗe. Duk wanda ya mallaki filin nan gaba zai iya yin kowanne daga cikinsu ba tare da an sake kiran wani zama ba, balle a turo miki takardar gayyata.

Mai filin ya yi alkawura a gabanmu, kuma ban ga alamar yaudara a tare da shi ba. Ya ce zai rufe da wuri, ya ce ba zai taɓa bishiyoyin da ke jikin katangarki ba. Na yarda har zuciyarsa yake nufi. Sai dai mutum yana rasuwa, yana karyewa, yana samun tayin da ba zai iya ƙi ba. Magajinsa ko mai saye ba su ji alkawarin ba, kuma doka ba za ta ɗaure su da maganar da ba a rubuta ba.

Akwai wata matsalar kuma. Ɗaukar fili ɗaya tilo a ba shi dokar da ta bambanta da ta maƙwabtansa, don amfanin mai shi kaɗai, abu ne da kotuna a Amurka suka sha rushewa idan bai dace da babban tsarin gari ba. Ko ba a je kotu ba, da wane baki za mu hana na kusa da shi in ya zo da irin buƙatar?

Duk da haka, Hajiya, ba zan ɓoye miki ba, ina son a buɗe gidan abincin nan. Rabin ginin ya daɗe a rufe, kuma kin fi ni sanin yadda layin yake zama in duhu ya yi. Wurin da fitila ke kunne, mutane na shiga suna fita, ya fi kango kwanciyar hankali ga wanda ke kwana kusa da shi. Ga kuma masu dafuwa da masu hidima da za su samu abin yi. A Ingila, ganin yadda shaguna ke mutuwa a manyan tituna, gwamnati ta haɗe shaguna da ofisoshi da gidajen abinci a rukuni ɗaya, Rukunin E, daga 1 ga Satumba 2020, ta yadda shago zai iya komawa gidan abinci ba tare da neman izinin sauya amfani ba. Amma ko a can sun ware mashaya da wuraren sayar da abinci mai zafi na tafi-da-gidanka, sun bar su a waje. Haka kuma sassaucin ya tsaya ne a kan abin da ake yi a cikin gini, bai shafe ƙa'idojin aikin da ke sauya gini daga waje ba.

Shekaranjiya da daddare na je na tsaya a lungun da ke tsakanin ginin da katangarki, da zanen ginin a hannuna. Taku goma sha biyu na ƙirga daga inda za a sa ƙofar bayan kicin zuwa jikin katangar. A zanen, bututun hayaƙi ta bangon baya zai fito, daidai tsayin tagar ɗakinki na sama, wadda na ga fitilarta a kunne. Fankar da ke zuƙe hayaƙin kicin ba ta hutawa muddin murhu na ci, kuma ƙararta irin mai shiga kunne ce a hankali, wadda ba a lura da ita da rana sai gari ya yi tsit. A nan ne kuma aka zana wurin ajiye shara. Da na tsaya a wurin na gane cewa abin da zai dame ki duk a wannan lungu yake, teburan da ke gaba ba ruwansu da ke.

Don haka ga abin da zan gabatar a zama mai zuwa. Ba zan goyi bayan ɗaga filin zuwa rukuni na gaba ba. Zan nemi a gyara kundin, a ƙara cewa ana iya yin gidan abinci a rukunin ƙananan harkoki, amma da izini na musamman mai sharuɗɗa, bayan an saurari maƙwabta. Hanyar ta fi tsawo, mai filin zai ƙara jira, na kuma san jiran kuɗi ne a wurinsa. Amma dokar za ta zama ta kowa, sharuɗɗan kuma za su bi filin kamar yadda izinin zai bi shi.

A cikinsu zan nemi bututun ya haura saman rufi, bakinsa ya kalli titi, da matatar maiƙo da wari a ciki. A rufe wurin shara da gini, a matsar da shi daga katangarki. A sa tarkon maiƙo kafin ruwan kicin ya shiga magudana, domin maiƙo in ya huce daskarewa yake ya toshe bututu, kuma gidan da ke ƙasa shi ke fara ganin ruwan. A rubuta lokacin rufewa da lokacin sauke kaya da lambobi, kada a ce "da wuri" kawai. Fitilun baya su kalli ƙasa.

Batun wurin ajiye motoci kuwa, a nan na saɓa da wasu abokan aikina. Suna son a tilasta masa ƙarin gurabe, alhali babu inda zai samo su sai ya sare bishiyoyin nan ya malala siminti har jikin katangarki. Birnin Buffalo na Amurka ya soke irin wannan tilasci gaba ɗaya a 2017. Ni na fi son a rage masa gurabe a bar miki inuwarki.

Inda nake da fargaba shi ne bibiya. Sharaɗi a takarda ba ya aiki in babu mai dubawa, kuma na ga wuraren da aka rubuta komai daidai aka manta da fayil ɗin. Zan nemi a sake duba izinin bayan shekara ɗaya da buɗewa, a zaman da za a gayyace ki, kuma a rubuta ƙarara cewa saɓa sharaɗi na iya jawo janye shi.

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Na tsaya a lungun nan na rabin sa'a ne kawai, ke kuwa shekara da shekaru kina jin abin da ke wucewa ta cikinsa. Ina roƙon ki rubuto duk abin da na tsallake, ki miƙa wa sakataren kwamiti kafin ranar zama domin ya shiga rikodi. In kuma kin ba da izini, ina so in zo da mai filin wata rana da daddare, mu tsaya tare da ke a tsakar gidanki, ya ɗaga kai ya ga tagar nan da idonsa kafin mai zanensa ya sake zama a kan takarda.

Na gode da haƙurinki. Allah ya ƙara girma.

Naki,
Wani ɗan kwamitin tsara gari