Tsakanin Ibada da Al'ada a Ƙasa Mai Tsarki

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon a ba ni fili a wannan jarida mai farin jini domin in yi tsokaci a kan abin da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya, wato yadda ibada ke rikiɗewa ta koma al'ada a hannunmu, mu mazauna Makka.

Sana'ata ita ce tura tsofaffi da marasa lafiya a keke tsakanin Safa da Marwa. Sa'ayi zuwa bakwai ne, ana farawa daga Safa a ƙare a Marwa, tafiyar kusan kilomita 3, kuma a goman ƙarshe na Ramadan nakan yi ta sau da yawa a dare guda. Duk da haka ba sa'ayi nake yi ba, domin ban ɗaura ihrami ba, ban yi niyya ba, kuma sa'ayi ba ya tsayuwa shi kaɗai sai a cikin Hajji ko Umara. Kwanakin baya na tura wata dattijuwa daga ƙasar Sakkwato, wadda tunda muka bar Safa take hawaye tana ambaton Nana Hajara da neman ruwan da ta yi wa Annabi Isma'ila, alhali ni kuwa hankalina yana kan lissafin riyal nawa suka shigo aljihu. Da muka isa Marwa ta ce, "Ɗana, kai ka ji daɗi, kullum kana nan." Kunya ta hana ni amsawa.

Malamai sun ce aikin niyya shi ne rarrabe ibada da al'ada, kamar yadda take raba wankan janaba da wankan jin zafi, ko azumi da ƙauracewa abinci bisa umarnin likita, kuma ba banza ba Imamu Bukhari ya buɗe littafinsa da hadisin niyya da Sayyidina Umar ya ruwaito. Ita al'ada, sabo ne ke tafiyar da ita ko zuciya na nan ko ba ta nan. Hausawa kan ce, ido wa ka raina, wanda nake gani yau da gobe. Ina tsoron kada sallarmu a gaban Ka'aba ta zama haka.

Saboda haka ina kira ga malaman da ke yi wa maniyyata bita, da masu wa'azi a cikinmu nan, da su ba wa halartowar zuciya lokaci kamar yadda suke bai wa ƙidayar kewaye.

Wassalam,
Wani mai karatu daga Makka, Saudiyya