Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Gwamnan Jihar Bauchi Kan Torayen Giwa Na Yankari

Mai Girma Gwamna, Assalamu alaikum.

Ranka ya daɗe, na rubuto ne a kan wani wari. Na san teburinka cike yake da maganar albashi da hanyoyi da taki, amma ina roƙon a ba ni aron kunne, domin warin nan yana da hannu a zaman lafiyar manoman da ke kewaye da dajin Yankari.

Wata rana da rani, a kusa da kogin Gaji, na ga wani toron giwa ya fito shi kaɗai, kai a sama, yana kaɗa kunne ɗaya bayan ɗaya. Tsakanin idonsa da kunnensa wuri ya kumbura, wani ruwa mai maiƙo yana tsattsafowa daga wata 'yar kafa, ya yi masa baƙin zane har gefen baki. Cinyoyinsa na baya sun jiƙe sharkaf da fitsarin da ke ɗiga yana tafe. Da iska ta juyo, sai da kowa a motar ya toshe hanci. Bunsurun da ya fi kowane bunsuru wari, a nan almajiri ne. Direbanmu bai ce uffan ba, ya sa giyar baya a hankali.

Wannan yanayi masana suna kiransa mast, kalmar da ta samo asali daga Farisanci, ma'anarta buguwa. Masu kiwon giwa a Indiya sun san shi tun zamanin da, amma sai a 1981 masu binciken giwa Joyce Poole da Cynthia Moss suka tabbatar a dajin Amboseli na Kenya cewa giwayen Afirka ma suna yi. Sinadarin mazakuta ne yake hauhawa a jinin toro ninki-ba-ninki, ya rage cin abinci, ya shiga yawon neman mata, fushi a kusa. Matashi kwanaki kaɗan yake yi ya sauka, babban toro kuwa yakan kai wata biyu ko uku.

Ruwan nan da fitsarin saƙo ne. Giwa da hanci take sanin duniya: ƙwayoyin halittar da ke kula da jin ƙanshi a jikinta sun kai kusan 2,000, fiye da ninki biyu na kare. Idan ta tarar da fitsarin wata, takan dangwala da kan hancinta ta kai ganɗa, inda wata gaɓa ke tantance mai shi da halin da yake ciki. Binciken Bets Rasmussen da abokan aikinta a kan giwayen Asiya, wanda ya fito a 2002, ya nuna abin mamaki. Ruwan da ke fita daga matashin toro ƙanshin zuma yake yi, manya ba sa ko kula shi, kamar yaro ne yake cewa "ba da ku nake ba". Da ya manyanta sai ƙanshin ya koma ɗoyi, ya cika da wani sinadari mai suna furontalin, wanda ƙananan toraye ke kauce wa da zarar sun shaƙa. Wannan sinadarin dai shi wasu ƙwari masu cin ɓawon itace suke kiran junansu da shi. Ikon Allah ke nan.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne labarin dajin Pilanesberg na Afirka ta Kudu. An kai marayun giwaye can daga dajin Kruger, bayan an harbe iyayensu don rage yawa. Suka tashi babu babba a kansu, suka riƙa shiga mast tun shekarunsu ba su kai ba, suna daɗewa a ciki. Tsakanin 1992 da 1997 sun kashe karkanda fiye da 40. Sai aka kawo manyan toraye shida daga Kruger a 1998, ɗokin samarin ya kwanta, kisan ya tsaya. Gaba da gabanta, aljani ya taka wuta.

To, ranka ya daɗe, mu duba gida. Yankari, wadda aka keɓe a 1956, ta zama ta Tarayya a 1991, ta dawo hannun jiha a 2006, tana riƙe da ɗaya daga cikin garkunan giwa mafi girma da suka rage a Nijeriya, ana ƙiyasta su tsakanin 100 da 150. A garke irin wannan, torayen da suka manyanta sosai ba za su yi yawa ba, domin toron Afirka sai ya doshi shekara 30 yake shiga cikakken mast. Kuma su ne masu manyan haure, su maharbi yake fara nema. Su ne kuma, idan giwa ta yi ɓarna a gonar dawa aka taso da kukan a harbe ta, ido ya fi faɗawa a kansu saboda girma.

Roƙona shi ne a san waɗannan dattawa ɗaya bayan ɗaya. A 2014 ƙungiyar kare namun daji ta WCS ta shiga aiki tare da jiha wajen gadin dajin. A ɗora a kan wannan, a buɗe wa kowane babban toro shafi: yagewar kunnensa, siffar haurensa, watan da yake shiga mast, domin babban toro yakan maimaita lokacinsa kusan kowace shekara. Kada a yanke wa ko ɗaya hukuncin harbi sai masana sun duba.

Sai kuma ilimin ya fita daga ofis ya isa ƙauye. Manomin da ya saba korar giwa da ganga da gwangwani da wuta yana bukatar sanin ranar da wannan dabara za ta iya jawo masa ajali. A nan akwai wurin lura: giwayen Afirka, har mata da 'ya'ya, sukan yi danshi a gefen ido idan sun firgita ko sun yi murna, don haka danshi kaɗai ba hujja ba ne. Kumburi, da ruwa mai kauri, da jiƙaƙƙun cinyoyi, da warin nan, su ne idan sun haɗu a ja da baya. Wannan bayani ba zai ci minti biyar a rediyo ba, kuma hakimai da limamai da malaman gona na Alƙaleri za su iya isar da shi kafin amfanin gona ya nuna, lokacin da giwaye suka fi leƙa gonaki. Direbobin da ke kai baƙi kallon namun daji daga masaukin baƙi na Wikki su ma a sa su a ciki.

Allah ya ja zamaninka, ya yi maka jagora.

Naka,
Wani malamin kimiyya, ɗan Jihar Bauchi