Motar Lantarki A Kaduna: Ribar Tana Ga Mita, Asarar Tana Ga Janareta

Edita,

Assalamu alaikum. Ina neman ɗan fili a jaridarku in faɗa wa 'yan uwana abin da na gani da idona game da motar lantarkin da na saya, domin kusan kullum sai an tare ni a ƙofar masallaci ko a bakin Kasuwar Barci ana tambayata, "Alhaji, da gaske motar nan ba ta shan mai?" Da gaske ne. Amma tana shan wuta, wutar kuwa ba kullum take samuwa ba.

Abin da ya kai ni ga sayenta bai wuce abin da ya sami kowa ba. Tun ranar 29 ga Mayun 2023 da Shugaba Tinubu ya ce tallafin mai ya tafi, litar da muke saye ƙasa da naira 200 ta yi ta hawa har ta haura 1,000 a 2024. Ni kuwa mazaunin Barnawa ne, harkata tana kai ni Zariya sau biyu a mako, kilomita wajen 80 zuwa, 80 dawowa. Na sayar da tsohuwar motata, na cika da abin da na tara, na ɗauko ƙaramar ta lantarki ta hannu.

Ga lissafina, kuma a littafi nake rubutawa. A kilomita 100 tana cin yunit 16 zuwa 18 na wuta. A watan Afrilun 2024 hukumar NERC mai kula da harkar wutar lantarki ta kai kuɗin yunit na rukunin A, wato waɗanda suka fi samun wuta, naira 225, daga baya aka ɗan sassauta zuwa 200 da 'yan kai. Ke nan a wannan farashi tafiyar kilomita 100 ba ta kai mini naira 4,000. Tsohuwar motata lita tara take sha a wannan nisa, mai karatu ya buga da farashin gidan man unguwarsu. Ba juyen baƙin mai, ba fulogi, ba salansa. Birki ma yana daɗewa, don motar na rage gudu da injinta tana mayar da wutar cikin batir.

To, duk wannan daɗin sai da wuta. Soket ɗin gida sannu yake ɗura mata, sai ta kwana a jone kafin ta ishe ni Zariya in dawo. Daren da aka ɗauke wuta ƙarfe goma sha ɗaya, ko aka kawo ta ba ƙarfi cajar ta ƙi karɓa, da asuba sai in tarar da batir yadda na bar shi. A watan Oktoban 2024, lokacin da ɓarayi suka lalata babban layin wutar Shiroro zuwa Mando, Arewa ta kwana fiye da mako cikin duhu, na koma tayar da janareta. Nan na ga abin da ya sanyaya mini jiki: man da injin ya sha kafin ya ba ni cajin kilomita 100 kusan daidai yake da wanda tsohuwar motata ke sha. Ga ƙara, ga hayaƙi, ga maƙwabta ba su yi barci ba.

Sai maganar gyara. Kaduna garin masu hannu ne, a Kakuri aka haɗa Peugeot shekara da shekaru, kuma wanda ya shiga Panteka ya san ba a raina yaranmu. Amma ran da wata fitila ta kunnu a gabana, makaniken da muka shekara goma tare ya buɗe gaban motar, ya duba, ya ce, "Alhaji, wallahi ba zan taɓa abin da ban sani ba." Na gode masa, domin wutar batirin nan tana kisa. Sai Abuja na kai ta a bayan babbar mota, kuɗin ɗaukar kaɗai ya cinye ribar wata biyu. Canjin batir kuwa, idan ranarsa ta zo, magana ce ta miliyoyi, kuma ina ware masa wani abu duk wata.

Tun 2021 hukumar NADDC mai kula da harkar ƙera motoci ta kafa wurin caji mai aiki da hasken rana a Jami'ar Usmanu Danfodiyo da ke Sakkwato. Rana ba ta fi yawa a can ba har mu rasa namu. Ina roƙon gwamnatin jiha da masu gidajen mai su sa irinsa a Kawo da Maraban Jos da mashigar Zariya, a kuma buɗe wa makanikanmu kwas na 'yan watanni a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna. Wanda kuma yake shirin saye, kafin ya je wurin dillali, ya zauna wata guda yana rubuta awa nawa wuta ke kwana a gidansa.

Naku,
Mai karanta jaridarku daga Barnawa, Kaduna